Zauren Tambaya: Horon sana'a na gwamnati, yana kai mutum ga abin yi kuwa?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk magana ɗaya suke, wato shirye-shiryen koyar da sana'a da gwamnati ke ɗaukar nauyi, sai na tsamo guda biyar a ciki. Kamar kullum ba ma sa sunan kowa, gari kawai muke faɗa.

Tambaya daga Funtuwa: Malam barka da aiki. Ni matashi ne shekarata 22, na gama sakandare tun 2021 ban samu ci gaba ba, yanzu Baba ya matsa min wai in je in cike fom ɗin koyon sana'a na gwamnati, ni kuma gaskiya jikina yayi sanyi saboda abokina yayi irinsa wata shida yana zuwa kullum da kuɗin motarsa, ƙarshe satifiket kawai ya dawo da shi yanzu haka tare muke zaman majalisa. Dan Allah Malam abin nan yana da amfani ko in nemi ko acaɓa ne in ja?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Baban ka yana da gaskiya da ya ce ka koyi sana'a, kai ma kana da gaskiya da ka ji tsoron abin da ya samu abokinka, don wallahi ba shi kaɗai bane, irinsa suna da yawa a kowace unguwa.

Kaga shirye-shiryen nan ba yau aka fara ba. Hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, mai hedikwata a Jos tun 1971 aka kafa ta, kuma kuɗinta daga kamfanoni yake fitowa, kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biyan ma'aikata a shekara. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, ta fara aiki a 1987 zamanin Babangida lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya sa ana ta sallamar ma'aikata, kuma babban tsarinta tun farko shine a ɗauki yaro a kai shi shagon wani oga da ya iya sana'ar, gwamnati ta biya ogan ladan koyarwa, yaron kuma a riƙa ba shi ɗan alawus. Daga baya aka yi SURE-P a 2012, aka yi N-Power a 2016, jihohi ma kowace da nata, Kano a zamanin Kwankwaso an buɗe makarantun sana'a sama da ashirin, ta kiwon kaji, ta tuƙi, ta kwamfuta a Kura da sauransu. Sama da shekara hamsin kenan ana yi, kuma duk bikin yaye ɗalibai da zaka je abu ɗaya zaka ji, mun horar da mutum dubu kaza. Abin da ya kamata a faɗa mana shine cikin dubu kazan nan mutum nawa ne bayan shekara ɗaya suke cin abinci da sana'ar, wannan lissafin shi ne ba a cika kawo shi wajen biki ba, kuma shi ne ya dame ka ya dame ni.

Waɗanda suka bi diddigin abin a wasu ƙasashe sun samo amsar da ba daɗin ji. A 2017 wani masanin Bankin Duniya, David McKenzie, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu tasowa, inda ake ɗaukar matasa a ba wasu horo wasu a bar su sannan a bi su a gani. Abin da ya fito shine cikin mutum 100 da aka ba horo, waɗanda suka samu aikin da in ba don horon ba ba za su samu ba, ba su kai uku ba, alhali ana kashe dala 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane mutum ɗaya. Amma kar wannan ya karya maka gwiwa, don a Yuganda an gwada wani da aka kai matasa makarantun sana'a na gaske tsawon wata shida cur, walda, famfo, wayarin, ɗinki, gyaran mota, aka ba su takardar shaida da masu ɗaukar aiki suka yarda da ita, aka bi su shekaru, sai aka ga sun fi takwarorinsu samun aiki kuma abin ya ɗore. Kenan horo suna ya tara, akwai na sati biyu a ɗakin taro da lemo da biskit, akwai wanda hannunka zai yi kanta.

To kai yanzu ga yadda zaka gane wanda ke gabanka. Kafin ka cike komai ka tambaya a ina za'a koyar, sannan ka tashi da ƙafarka ka je wurin ranar aiki ba tare da ka sanar ba. Ka duba inji nawa ne, mutum nawa ke kan kowane inji, akwai wuta ko janareta, kuma shin kwastoma na shigowa shagon. Na taɓa leƙa wata cibiya, ba sai na faɗi inda take ba, yara talatin da wani abu suna zagaye da injin walda guda ɗaya, shi ma ba wuta, malamin yana zana musu yadda ake riƙe hannun walda a jikin allo da alli, wani yaro a baya yana kwatantawa da karan dawa. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don yaran nan da gaske suke, wasu tun daga ƙauye suka hawo keke. Wata shida a irin wannan wurin ba zai sa ka iya haɗa ƙafar kujera ba. Amma in aka kai ka shagon ogan da aiki ya yi masa yawa har yana neman hannu, toh ka faɗa gidan, ko alawus bai zo ba ka ci riba, don yawanci irin wannan ogan shi ke riƙe yaro bayan an gama, ko ya riƙa tura masa ƙananan ayyuka.

Sai lissafin aljihunka. Ana cewa kyauta ne, eh ba'a karɓar kuɗin makaranta, amma kuɗin mota da abincin rana daga gidanku za su fita, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kai ka san yadda hawa abin hawa ya koma. Sabon shirin koyar da sana'a da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar a 2025 an sanar da alawus na naira 22,500 a wata. Ka ɗauka kana kashe dubu ɗaya kullum zuwa da dawowa, kwana 22 ya cinye dubu 22, saura ɗari biyar. Shi yasa nake cewa ka nemi wurin da zaka iya takawa da ƙafa ko keke, kuma kar ka ɗora rayuwarka a kan alawus, wani lokaci yakan yi jinkiri.

Game da wace sana'a, ka zagaya Funtuwa ka tambayi kanka wane aiki ne mutane ke jira kwana biyu uku kafin su samu mai yi. Yanzu kowa sola yake sawa, masallaci, shago, gida, burtsatse, kuma masu iya haɗa ta yadda batir ba zai mutu cikin wata shida ba basu da yawa. Ga gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ga tayil, ga gyaran injin ban ruwa tunda yankinku noma ne. Acaɓa ba aibu bane, halak ne, kana iya ja da yamma kana koyo da safe, da yawa haka suka yi.

Tambaya daga Kano, Rijiyar Zaki: Malam ina wuni, ni matar aure ce da yara uku, na yi wata uku ina koyon ɗinki a wani shirin tallafawa mata, ance za'a bamu keke in mun gama, ranar yayewa wasu suka samu mu aka ce mu jira kashi na biyu, yau wata takwas shiru kake ji. Abin da yafi ƙona min rai wasu da suka samu a bakin get suka sayar. Yanzu har abin da na koya ya fara gudu, ya zanyi?

Amsa: Ƙanwata sannu, Allah ya saka miki. Ki daina jiran kashi na biyu, in ya zo alhamdulillah, amma kowane sati da ya wuce ba ki taka keke ba hannunki ne ke mutuwa, kuma wata uku dama ba ya isa mutum ya zama tela, ya dai buɗe miki ido ne.

Maganar sayar da keke a bakin get na gani da idona. Ana fitowa daga taro ga dillalai tsaye da kuɗi a hannu, mace ta fito da kan keke a kwali ko buɗe shi ba ta yi ba, a ba ta abin da bai kai rabin kuɗinsa ba ta sa a jaka ta hau adaidaita. Ni ban cika zagin irin waɗannan matan ba, wata a gidanta ba a ɗora tukunya ba tun jiya, wata kuma dama ba ɗinkin take so ba sunanta kawai aka rubuta don tana da uwa a gindin murhu. Laifin na masu zaɓe ne, da za su ba wadda ta riga ta fara, ta nuna tana so, da keken ya zauna a ɗaki yana aiki. Kuma kin lura kusan duk shirin mata ɗinki ne da sabulu da man shafawa da turaren wuta? Saboda su suka fi arha wajen koyarwa, mutum ɗari a ɗaki ɗaya an gama. Sai a yaye mata hamsin a unguwa ɗaya duk sabulun ruwa suka iya, wa zai sayi na wa.

Ga shawarata. Ki nemi tela mace a unguwarku wadda ɗinki ke mata yawa, da yardar maigida ki riƙa zuwa kina taya ta ko kashe baki ne da sa maɓalli da guga, musamman gabanin azumi da lokacin komawa makaranta, a nan zaki koyi yanka na gaske wanda ba'a koya a aji. Ki shiga adashi da niyyar keke kawai, kuma ba dole sai sabo ba, keken hannu na biyu mai kyau in makaniki ya duba miki shi zai yi shekaru, kuma ki fara da na ƙafa saboda halin wutarmu. Sannan kar ki ce komai zaki ɗinka, ki kama abu ɗaya ki ƙware, hijabi ko yunifom ɗin Islamiyya ko kayan jarirai, ki sayo yadi a Kantin Kwari ki ɗinka guda biyar ki kai wa shugabar Islamiyyar da yaranki ke zuwa ta gani. Makaranta ɗaya in ta yarda da ke ta ishe ki farawa. Ki rubuto min bayan sallah in ji inda aka kwana.

Tambaya daga Bauchi: Malam wani ya ce in bashi dubu 15 zai sama min gurbi a shirin horon gwamnatin tarayya, ya ce in turo BVN da lambar da za'a turo min a waya. In bayar?

Amsa: Kar ka ba shi ko sisi, kuma lambar da banki ke turowa a waya ko ɗan uwanka na jini kar ka karanta wa, da ita ake kwashe asusu. Rajistar waɗannan shirye-shiryen ba'a sayar da ita, abin da zaka iya kashewa shine kuɗin mai kafe da ya cike maka. NDE tana da ofis a kowace jiha, ka je da kanka ka tambaya.

Tambaya daga Birnin Kebbi: Yallaɓai ni ina cikin rukunin farko na N-Power, na koyar a firamare kusan shekara huɗu, da aka sallame mu a 2020 na dawo inda na fito. Yanzu ina da digiri da shekara 36, ƙannena suna cewa in koyi kwamfuta a 3MTT. Ban yi girma da koyo ba kuwa?

Amsa: Malam, ba ka yi girma ba ko kaɗan, amma bari mu kalli abin da ya wuce tukuna don kar a maimaita. N-Power na masu digiri, ɓangaren koyarwa da lafiya da noma, aikin wucin gadi ne da alawus na naira 30,000, ya rufa wa mutane asiri sosai, na san waɗanda suka yi aure da shi, waɗanda suka ja jari da shi. Rukunin farko mutum 200,000, na biyu 300,000, in ka haɗa ka buga lissafi naira biliyan 15 kenan kowane wata. Kuɗi ne mai yawa, amma ba a tsara shi don ya bar sana'a a hannun mutum ba, ranar da alat ya daina shigowa ranar komai ya tsaya. Haka aikin mutum 774,000 da aka yi a 2021, dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, share kwata da gyaran hanya, shi ma tallafi ne. Ɓangaren N-Power da ya yi kama da koyon sana'a shine na waɗanda basu da digiri, masu koyon gini da wayarin da kanikanci, su kuma alawus ɗinsu 10,000 ne kuma ba su kai masu digiri yawa ba ko kusa.

Shi 3MTT ma'aikatar sadarwa ce ƙarƙashin Bosun Tijani ta fara shi a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, aka fara da 30,000. Ba'a biyan kuɗin karatu, amma mafi yawan darasin ta intanet ne, kenan kana buƙatar kwamfuta taka ko ta aro mai tabbas, da data, da wutar caji, da awa biyu uku kullum da ba wanda zai kira ka. In kana da waɗannan bismillah. Kuma ka sani ba wanda zai kira ka aiki don ka gama kwas, sai ka nuna abin da ka yi da hannunka, don haka tun kana koyo ka nemi wata makaranta mai zaman kanta ko kantin magani a garinku ka tsara musu lissafinsu ko sakamakon jarabawarsu a kwamfuta, ko kyauta ne da farko. Shekara huɗun da ka yi a aji ma jari ne, ka san matsalar makaranta fiye da yaron da ya fito jami'a jiya.

Tambaya daga Kaduna: Salam Oga. Ni mai walda ne a Panteka shekara 17 ina yi, ina da yara shida a ƙarƙashina, ƙofa, taga, tankin ruwa, injin niƙa duk ina haɗawa. Kwanaki wani kamfani ya nemi masu walda na je, suka ce in kawo takarda, bani da ko ɗaya, suka ɗauki wani yaro da na tabbata ban gama koya wa irinsa ba. Sai na koma makaranta kenan?

Amsa: Ranka ya daɗe, ai kai ne makarantar. Wannan wasiƙar ta taɓa ni, don mafi yawan masu sana'ar hannu a ƙasar nan a wurin irinku suka koya, a Panteka, a Ƙofar Ruwa, a garejin bakin titi, ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba, kuma in da ni ake tambaya da rabin kuɗin da ake kashewa a taron yaye ɗalibai an kawo muku shi an sa muku wuta mai ƙarfi da injuna na zamani an ƙara muku yara. Ba sai ka koma aji ba. Hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko tsohuwa ce, jarabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wadda ake ce wa trade test, tana da mataki uku, ana farawa daga na uku a hau na biyu a ƙare a na ɗaya, kuma ma'aikatu da kamfanoni sun san ta. Ta biyu ita ce takardar ƙwarewa ta ƙasa, NSQ, wadda hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ke kula da ita, kuma hedikwatar NBTE a nan Kaduna take kusa da kai. A tsarinta akwai hanyar da aka ware musamman don wanda ya riga ya iya, mai tantancewa ya zo ya ga kana aiki, ya duba abin da ka ƙera, ya yi maka tambayoyi, in ka cika sharuɗɗa a ba ka takarda a matakin da ka kai. An ma riga an fara irin wannan aikin da mutanen Panteka tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, don haka ka fara da shugabannin ƙungiyarku, za su san wanda ake gani. ITF ma tana da shirin SUPA na ƙara wa masu sana'ar hannu ƙwarewa da basu shaida, in an buɗe rajista ka shiga.

Abu ɗaya zan faɗa maka tsakani da Allah, kar ka raina gwajin. Waldar ƙofa da taga daban, waldar bututun da zai ɗauki gas ko mai daban, kamfani yana so ya ga ka iya karanta zane, ka san lambar kowane irin ƙarfe da wayar walda da ta dace da shi, kana sa gilashin ido da safar hannu da takalmi. Da yawa daga ogoginmu hannunsu ya fi na injiniya amma a nan ake kayar da su, kuma abu ne da mai shekara 17 a sana'a zai kama cikin 'yan makonni. Daga yau ka fara ɗaukar hoton duk aikin da ka gama da wayarka, ka sa yaro ya rubuta kwanan wata da wanda aka yi wa a littafi, mai tantancewa zai nemi irin wannan shaidar. In zaka je kuma kar ka tafi kai kaɗai, ka tafi da manyan yaranka biyu a yi musu tare.

Masu tambaya a kan makarantun fasaha da jarabawar NABTEB, na ga saƙonninku, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da su zamu fara.